Azarar Baba Tanimu

Duk wanda ya san Baba Tanimu magini na Gobarau ya san ba ya gaida mai gida sai ya gaida rufinsa. Zai yi sallama, ya ɗaga kai ya ƙare wa azara kallo, sannan ya ce, "To, su dai sun kwana lahiya. Kai hwa?"

Ni malamin makaranta ne, kuma Turawan mishan da suka koyar da ni ba su bar ni da haƙurin karkataccen layi ba. A shekarun da kuɗin mai ya shigo, lokacin da kowa a Ƙofar Kwaya yake rushe soro yana kafa bulo, rufin ɗakin mahaifiyata ya rufta. Ta ce ita ba za ta kwana a ƙarƙashin kwano ba, ga shi saura wata biyu damina ta faɗi. Tilas na kira Baba.

Ranar farko na fito da tef na awo. Ya dube shi sheƙeƙe.

"Malam, tela ka kira ko magini?"

Ya auna da kamun hannunsa. Na bi bayansa na sake aunawa har sau biyu. Abin takaici, daidai ne!

Na sayo azara. Ya bi kowace yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, ya ware fiye da rabi.

"Waɗanga macen giginya ce. Gara za ka yi ma walima?"

"Baba, mai sayarwa ya rantse mini."

"Shi zai kwana ɗakin?"

Daga nan ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya ce sai ta tsima, ya yi tafiyarsa. Mako uku! Hadari ya fara haɗuwa a gabas, tsohuwa tana rakuɓe a ɗakin ajiya tsakanin buhunan gero. Haƙurina ya ƙare, na sayo kwano na ɓoye a bayan rumbu. Da ya dawo sai ya gano shi. Ya zaro falle guda, ya yanka, ya lanƙwasa, ya mai da shi indararo.

"Haba Baba! Sabon kwano!"

"Na ba shi aikin da ya iya. Shi zubda ruwa, shi yi surutu."

Ranar Alhamis ya gama shafe rufin da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai hana yoyo. Ranar Juma'a aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na zaga ɗakin lungu-lungu ina neman ɗigo ɗaya da zan kafa hujja da shi. Ban samu ba. Tsohuwa kuwa tana kan gadonta tana jan carbi, tana yi mini dariya.

Shekara tara ta yi a ɗakin. Ranar da muka kai ta makwanci, Baba, wanda a lokacin da ƙyar yake tafiya, ya janye masu haƙa gefe. Shi ya jera itacen kabarin da hannunsa, ya liƙe kowace kafa da laka.

"Wannan ma ɗakinta ne, Malam," in ji shi. "Kada ruwa shi shiga."

Bai ga wata daminar ba. Allah Ya jiƙan Baba Tanimu, Ya yalwata kabarinsa, Ya lulluɓe shi da rahama. Amin.