Ranar Da Na Yi Wa Oga Kirari

Shekaru sun ja, amma akwai wata Lahadi a Shagari Low Cost da ba za ta fita daga raina ba.

Ƙanena ne ya dawo daga karatu da wani wasa. Ba karta ba ce, ba lido ba. Shi yake ba da labari, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a ciki, in za ka yi wani abu ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Maƙwabcinmu, wani ma'aikacin sakatariya da muke kira Oga, ya ɗauki mayaƙi. Wani tela ya ɗauki maharbi. Ni na makara a garejin da nake aiki, na tarar saura maroƙi.

"Ya dace da kai," in ji Oga. "Baki kawai."

Na haɗiye. A aji biyu na sakandare na bar makaranta, kuma tun lokacin irin kallon da ake mini ke nan.

Mako uku maroƙina bai kashe ko ɓera ba. Sai Oga ya ce maroƙi ba shi da amfani, in ba surukinsa kujerar, ya shigo da boka mai warkar da rauni. Ƙanena ya kasa kallona. "Hamma, mu ga Lahadi mai zuwa," ya ce. Haka yake kirana, wato Yaya.

Na tafi gareji da takardar da ke bayanin aikin maroƙi a wasan. Turanci ne zalla. Kwana shida ina bin ta da yatsa, har baƙin mai ya ɓata gefenta. A can ƙasa na ga layin da masu digirin ba su karanta ba: in maroƙi ya zuga abokin tafiyarsa, ana ƙara wa abokin maki.

Ranar Lahadi bayan la'asar, labari ya kai mu bakin kogi, wani ƙaton kada ya tare hanya. Kiban tela suka ƙare. Oga ya jefa, ya samu tara, ana neman sha biyu. Ƙanena ya ce kadan ya kama ƙafar mayaƙin Oga.

Na ce, "Dakata." Na nuna masa layin. Ya karanta sau biyu, ya ce, "Gaskiya ne. Amma sai ka yi da bakinka, Hamma."

Wato mutumin da ke son korata, shi zan wasa. Amma na riga na rantse ba zan bar wa surukinsa kujerar nan ba. Na miƙe tsaye na ce, "Namijin sakatariya! Mai sa hannu fayil ya yi rawa! Kada ya gan ka ya nemi hutun rashin lafiya!"

Tela ya faɗo daga benci don dariya. Aka ba ni ƙaramin ɗan lido, na jefa, huɗu ta fito. Tara da huɗu, sha uku. Kada ya mutu.

Oga ya gyara hula ya ce, "Kun ga aikin mayaƙi?"

Ko na gode bai ce ba, har ya yi ritaya ya koma garinsu. Sai dai bai sake ambaton surukinsa ba, kuma na yi shekara biyu a kujerar.

Abin da na koya shi ne, mutane wanda ya kai sara kawai suke gani. In aikinka na tallafa wa wani ne, ka san amfaninka da kanka, ka riƙe wurinka, don ba wanda zai faɗa maka.