Jar Masarar da Baffa Ya Ci

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Mai waya a hannu ya kife ta, don ba zan maimaita ba.

Ƙamshi ne ya tayar da maganar nan. A nan Lanham, garin da muke zaune a ƙasar waje, katangar katako ce tsakaninmu da wata tsohuwa, 'yar ƙabilar Maya daga ƙasar Gwatamala. Kullum da hantsi sai ƙamshin masarar da take dafawa da toka ya tsallako ya same ni. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, jikokinmu ne tafintoci. Ta ce tana yarinya kafin carar zakara take tashi, ta wanke masara, ta durƙusa gaban dutsen niƙa, sannan ta kai wa ubanta abinci gona a kan tsauni, inda suke zuba masara da wake da kabewa rami ɗaya. Na ce a gaya mata ni ma haka na tashi, tsaunin ne kawai babu.

Rannan ɗana ya hango goyon masara ja rataye a barandarta. Ya yamutsa fuska.

"Hajiya, ɓeraye matar nan za ta jawo mana. Ƙara zan kai ofishin unguwa."

Na ce, "Ka kai, ka nemi wata uwar. Iri ne."

To, ku ji dalili. A gidanmu na ƙauye, ina yarinya, akwai jar masara, tun ta kakanni. Da kaka babana yakan zaɓi manyan goyo ya rataye a igiya saman murhu, hayaƙi ya turara su don kada ƙwaro ya shiga. Ni ke hawa turmi in duba su. A bayan gida ake shuka ta, kuma ita ke fara nuna. Tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, gero bai isa yanka ba, ita ke riƙe da ranmu. Ko yunwa ta kwantar da mu, ba a taɓa abin da ke saman murhu.

Wata bazara, babana yana can ci-rani, sai ga wansa, Baffa, daga birni da baƙi biyu, babbar riga sai ƙamshin turare. Ya leƙa madafi, ya ɗaga kai.

"Ke, sauke wancan ki yi wa baƙina tuwo."

Inna ta durƙusa. "Yaya, iri ne."

"A gidan ubana za ki koya mini iri? Na kasuwa ya ƙare ne? Buhu zan aiko muku."

Ni na ɓare ta, ni na niƙa, ni na kai musu akushi. Baƙo ɗaya ya ce tuwon yana warin hayaƙi. Rabi suka ci, suka wanke hannu a kan sauran.

Buhu bai zo ba. Ruwa ya sauka, babana ya dawo, ya tsaya yana kallon igiya ba komai. Ya samo farar masara a kasuwa, ya shuka. Ta yi tsayi, ta yi ganye, ta ƙi goyo da wuri. Tafasa da rama muka yi ta ci, har cikin ƙanena da aka yaye ya ɗure. Bai ga kakar nan ba.

An ce in yafe, jini ne. Ban yafe ba.

Baffa ya tsufa a birni, da ya mutu ana ta yabon kyautarsa ga baƙi. Babana bai sake haɗa akushi da shi ba. Inna ta bar igiyar nan a wurinta har aka fita da gawarta. Ɗana bai kai ƙara ba, ko da yake shi da 'ya'yansa har yau gani suke masara a leda ake haifarta.

Maƙwabciyata kuwa, jikata ce ta kai mata labarin. Tsohuwar ta miƙo mini goyo ɗaya ta saman katanga, jawur. Yana nan rataye saman murhun gas, babu hayaƙin da zai turara shi, amma ni ke gadi. Ko limami ne ya zo da baƙinsa, shinkafa za su ci.