Ba a Kallon Su a Tsaye

Mayafina har yanzu warin ruwan tafki yake yi. Ina zaune a ƙasa kusa da gadon asibiti, ga kujera an ba ni amma na kasa hawa. Ku yi haƙuri da rubutuna.

Wannan warin na san shi tun ina 'yar shekara shida. Ƙauyenmu a bakin tafki yake, kakata kuma bandar kifi take yi. Idan damina ta ja jiki, gero ya fara sunkuyar da kai, sai malam-buɗe-littafi su taso daga cikin tumfafiya, jajaye masu baƙin gefe, su bi gaɓar ruwa su yi kudu. Kwana uku, wani lokaci huɗu, suna wucewa kamar an kaɗe bishiya. Mu yara mu fito da gudu. Kaka takan bar wutarta ta biyo mu, tana ƙamshin hayaƙi, ta zaunar da mu a kan yashi, ta ƙulle bakin zanena da nata.

"Ba a kallon su a tsaye," in ji ta. "Wanda ya tsaya, da shi za su tafi."

Na ce, "Kaka, ina suka ga ƙarfin ɗaukar mutum?"

Ta ce, "Ke da ba ki kai nauyin tarwaɗa ba? Zauna, uwar surutu."

Da na shiga sakandare sai na sa maganar a layin camfi, tare da hana zama a bakin ƙofa. Bayan rasuwarta ne Inna ta faɗa mini: Kaka ta taɓa samun ɗa namiji, ɗaya tak. Ya bi su da ido, ƙafa ta bi ido, gaɓar ta zabge da shi. Na ji tausayi, na yi masa addu'a, na manta.

Bara yayata ta ɗauko ni zuwa Kuala Lumpur in riƙe mata 'yarta mai shekara huɗu, ita tana shagon yadi. Yau da safe na yi mana tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na gurasar roti a wajen mamak mai shagon abinci, muka je bakin tafkin Bukit Jalil. Sai ga malam-buɗe-littafin. Ba su kai na garinmu yawa ba, amma su ne, launin nan dai, suna bin gefen ruwa. Daɗi ya kama ni, na ciro waya in ɗauka in tura wa Inna.

Yarinyar ta ce da irin maganar 'yan nan ƙasar, "Anti, zan je kusa lah."

Na ce, "Je ki."

Da bakina na faɗa. Mayafin nan yana wuyana, tsawonsa ya isa ya ƙulle mu biyu har ya yi saura.

Ban ji faɗuwarta ba. A cikin wayar na ga babu ita. Wani dattijo mai motsa jiki ne ya taya ni fito da ita daga ruwan. Likita ta ce ruwa ya shiga huhu, sai dai a jira. Yayata tana hanya. Ta tambaye ni a waya ina nake lokacin, na ce ina nan. Ina nan ɗin kuwa.

Kaka ba ta yi boko ba, ba ta taɓa ba mu dalili ba, ƙulli kawai take yi. Ni na san dalilin, ban yi ƙullin ba.

Ɗazu na ɗaure bakin mayafin a tsintsiyar hannun yarinyar, ɗaya bakin yana nawa. Nas ta shigo ta gani, ta dube ni, ba ta kwance ba.

Ya Allah, ga mu a zaune. Su wuce su kaɗai.