Ƙarfen da Na Sa wa Jif Ɗina

Tsohuwar jif ɗina tana tangaɗi a kwana, sai na sa wani makanike a Dutse ya canza mata ƙarfen baya mai hana tangaɗin, ya sa mai kauri. Ya ce in kiyayi yashi, don bayan zai riƙa zamewa. Na yi kunnen ƙashi.

Ranar da na ɗauko Baffa daga Miga, na ce, "Baffa, yau za ku ga aiki!" Na sha kwana a guje. Sai ga mu tsakiyar geron wani bawan Allah.

Shanun huɗarsa ne suka jawo mu. Baffa, da furfurarsa, ya durƙusa yana tayar da geron da na take, ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina tsaye riƙe da makulli.