Ticha Verna da Kalmar da Ta Kusa Raba Shameeza da Makaranta

Shekara talatin da takwas, kafin manoman shinkafa su kai gona, Ticha Verna Adonis ta riga ta jingina kekenta a jikin mangwaron makarantarmu da ke tsibirin Wakenaam. Kullum sai ta rubuta kalmar Turanci guda a allo, ba a tashi tara sai kowa ya san ma'anarta da inda ake sa ta. Wannan watan za ta ajiye alli.

Ina koyarwa a ajin da ke kusa da nata shekarar da wani jami'in ilimi ya zo daga Georgetown, babban birninmu. Ya jefa wa Shameeza Bacchus, 'yar shekara tara, lissafi. Kafin ya rufe baki ta ba shi amsa. Ya ce, "Yarinyar nan genius ce!" Kafin maganar ta isa kunnen kakarta, Nani Zabeeda, ta koma "genie".

Kwana uku ba Shameeza. Ticha Verna ta ce in raka ta gidan su yarinyar. Muka tarar gida ya turnuƙe da turare, an ɗaure wa yarinya kaya, za a kai ta wurin dangi can nesa a bakin kogi a yi mata magani.

"Ticha, mutumin gwamnati da bakinsa ya ce aljana ce," in ji Nani, idonta jawur.

Ticha Verna ba ta yi dariya ba. Ta zauna, ta karɓi roti, irin gurasarmu. "Nani, kalmomi biyu ne. Genie aljanin tatsuniya ne, mai fitowa daga kwalba ya biya buƙata. Genius mutum ne kamar ni da ke, wanda Allah ya ba kaifin basira, kuma in ba a koyar da shi ba, basirar ta dushe."

"To wa ke raɗa mata amsa?"

"Bikin mutum ɗari biyu, shinkafa nawa za ki dafa?"

"Buhu guda, da ɗan ƙari saboda masu zuwa ba gayya."

"Ko alli ba ki taɓa ba. A ƙaro turare, Nani, ke ma akwai su a kanki!"

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta kwance kayan da hannunta. Yau Shameeza injiniya ce, ita ke kula da katangar da ke tare mana teku.

Ticha Verna, ke ce mai haƙurin da bai taɓa kunyata marar sani ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu da muka rage, in mun ji kalma ta karkace a bakin wani, kada mu tsaya dariya daga nesa. Mu taka har gidansa, mu zauna, mu gyara.