Gyaran da Badaru ya tara wa Inno

Duk wanda ya zauna a unguwar Waziriyya ta kudancin Jidda a shekarun baya ya san Badaru, in bai san shi da suna ba to ya san shi da taurin kai. Ni Jabiru na fi kowa shan wahalarsa, don ni ne direban da ke kwaso kayan maigidansa daga sito a Khumra, kuma tun muna samari muke cin tuwo a kwano ɗaya. Mutum ne da in ya ce ta nan zai bi, ko ka rantse masa an gina katanga a wurin sai ya je ya taɓa ta da hannunsa.

Aikin Umara Badaru ya zo daga Malumfashi a 1983 ya ƙi komawa, kamar yadda da yawanmu muka yi. Ya yi dako har kafaɗunsa suka yi kanta. Daga baya Allah ya haɗa shi da wani Balarabe mai sayar da tayil da kayan banɗaki, ana ce masa Abdulwahid, wanda ya yarda ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, in har zai koma gida ya dawo da bizar aiki. Marar takarda kuwa hanyar komawarsa ɗaya ce a lokacin: ya kwashi tabarmarsa ya je ƙarƙashin gadar Kandara ya zauna, har ranar da za a zo a kwashe shi a mayar da shi ƙasarsu. Badaru ya yi wannan zaman. Ya kwana a cikin hayaƙin motoci, ya ga tsofaffi suna layin banɗaki a rana, ya dawo ya sami iƙama, takardar izinin zama, amma bai ƙara son a ambaci gadar a gabansa ba.

Da Abdulwahid ya tsufa, ciwon suga ya zaunar da shi, 'ya'yansa kuma ba su son doguwar tafiya, sai ya koma tura Badaru China ya tsaya a kan kaya har a rufe kwantena. Ta haka ɗan dakon Khumra ya zama mai hawa jirgi. Ba mu bar shi ya sha ruwa ba da tsokana, amma a ranmu mun ji daɗi.

Sai maganar Inno. Inno mai tuwo ce, mutuniyar Jibiya, kuma ban san wanda ke kiranta da sunan yanka ba. Ita ta ciyar da Badaru a shekarar da ya iso ba shi da ko riyal ɗaya, ta ba shi lungun da take ajiye itace ya riƙa kwana, ta yi jinyarsa da zazzaɓi ya kwantar da shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana Jidda, sai ya zama ba shi da wata uwa sai ita. Ba ta da takarda, ba ta taɓa yi ba. Da gwiwoyinta suka fara gardama, sai ta soma cewa tana son ta mutu a Jibiya, kusa da ƙannenta, kuma in lokaci ya yi za ta naɗe tabarmarta ta tafi gada kamar kowa.

Badaru ya ce ba za a yi haka ba yana raye. Ya ce duk ranar da aka yi afuwa, don akan yi lokaci zuwa lokaci, zai saya mata tikiti ta shiga jirgi ta ƙofa kamar mai mutunci. Inno ta ce ya riƙe kuɗinsa ya ciyar da 'ya'yansa, ita ba ta ba shi tuwo don ya biya ta ba. Wanda ya san ta ya san ba wasa take yi ba. Ya taɓa sayo mata firji, ta sa aka ɗora shi a motata na mayar masa har ƙofar gida, ni na sha kunyar.

To, sai ga wani kati da kamfanin jirgi ya ba shi. Duk tafiyar da ya yi ana zuba masa maki a ciki, in makin ya taru sai a ba shi tikiti kyauta, kuma yana iya sa sunan wanda yake so. Ya rasa yadda zai fahimtar da Inno, har wata rana yana kallon ta tana zuba wa wani tuwo, ta gama ta ƙara masa ɗan guntu a gefe. Nan ya ce mata ai abin nan gyara ne. Maigidansa ke sayen tafiya, kamfani kuma ya yi wa wanda ya hau gyara, ba kuɗin kowa a ciki. Inno ta koma juya miya. Mai sayarwa ce, ta san gyara ba a roƙonsa, ba a kuma mayar da shi. Ta ce in dai gyara ne ta karɓa.

Daga ranar muka shiga uku. Badaru ba ya hira sai ta maki. In akwai jirgin da ke zuwa kai tsaye da wanda ke zagayawa, mai zagayen zai hau, ya wuni a filin jirgin wata ƙasa a kan benci don an ce zagaye ya fi maki. Katin nan ya ɗinka masa 'yar jaka ta fata yana ratayawa a ƙarƙashin riga. Na ce masa ko laya ba a yi wa wannan hidimar, ya ce laya ba ta kai mutum Kano. Shekaru suka yi ta wucewa yana tarawa, Inno kuma tana ƙara duƙewa.

A ƙarshen 2010 aka yi shelar afuwa ga waɗanda suka zarce wa'adin bizar Hajji da Umara, aka kuma sa ranar rufewa. Badaru ya duba katinsa, saura kaɗan makin ya isa, amma tafiya ɗaya ba za ta cike shi ba. Sai ya ji labarin cewa kamfanin jirgin ya haɗa kai da wani otal a Makau, wani birni da ke gaɓar China, duk wanda ya kwana a can za a ninka masa maki. Ya nemi izinin Abdulwahid ya biya ta can bayan ya gama lodi. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce garin caca ne wannan, me ɗan Malumfashi zai yi a ciki. Badaru ya ce barci zai yi. Ni ma na ce masa raina bai kwanta ba, amma da ni da bango ɗaya muke a wurinsa.

Ya je ya dawo, makin ya cika har da ɗori. Washegari da azahar muka taru a wurin Inno, ya raba tsaraba, sannan ya gyara zama zai ba da labarin tafiya, don Bahaushe ba ya dawowa daga uwa duniya ya yi shiru. Da ya san abin da zai biyo baya da ya cika bakinsa da tuwo.

Ya ce otal ɗin ya kai girman unguwa guda, kuma ba yadda za ka kai ɗakinka sai ka ratsa ta gefen zauren caca, inda ba taga ba agogo, mutane zaune gaban injuna ba mai kallon wani. Ya ce idonsa a kan takalminsa yake wucewa. Abincinsu bai taɓa ba, dabino da garin kwaki da ya tafi da su ya yi ta ci. Da ya je teburin da ake zuba maki, yarinyar da ke wurin ta miƙo masa wasu 'yan faranti na roba, wai kyauta ce ya gwada sa'a. Ya ajiye mata su ya juya, ta biyo shi da gudu tana zaton mantuwa ya yi, ya sake ajiyewa. Mu dai muna ta dariya. Sai ya ƙara da cewa abin mamaki ɗakin da ya kwana, da gado kamar na amarya, bai kai kuɗin wani ɗan otal na Balad, cikin tsohuwar Jidda, ba.

Inno ta ajiye mara. Ta tambaye shi me ya sa ɗakin ya yi araha haka. Ya ce ai ba da ɗaki suke samu ba, da zauren ƙasa suke samu, ɗakin jan hankali ne kawai. Ta tambaya ko su ne suka ninka masa makin. Ya ce su ne.

"Badaru," in ji ta, "ni ma ina gyara. Daga tukunyar da na sayar nake ɗiba in ƙara wa mutum. Su daga wace tukunya suka ɗiba maka?"

Ba wanda ya ƙara yin dariya. Ya rantse bai taɓa caca ba, ta ce ta sani, ko bai rantse ba ta sani. Amma ita ta yi shekaru tana kallon Ka'aba duk Ramadan, ba za ta bar ƙasar nan a kan abin da aka karɓe daga hannun wani da ya koma gida yana kuka ba. Gada ta fi mata. Ta ɗauki mararta ta ci gaba da aiki.

Haushinta na ji, ba zan ɓoye ba. Na ce tsohuwar nan ta cika wahalar da mutane. Badaru ya je wurin malamai, wani ya ce ba laifi tunda kwana ya saya, wani ya ce barin abin ya fi. Ya kawo mata maganar na farko, ta ce malamin ne zai hau jirgin ko ita. Har ta fara rabar da tukwanenta, ta sa an wanke mata tabarma.

Sai Badaru ya nufi ofishin kamfanin jirgin a Aziziyya, ni na kai shi. Wanda ke kan teburin wani matashi ne, Othman, Bahaushe haifaffen Jidda, irin waɗanda ke jin Hausa sarai amma in za su mayar sai rabi ta koma Larabci. Badaru ya ce masa so yake a cire makin Makau daga katinsa. Othman ya ɗauka bai ji daidai ba, ya sa ya maimaita.

"Ya ammi, kowa yana zo ya ce ƙara, ƙara. Kai ka ce cire? Wallahi ma fi, babu wurin cire a kwamfuta."

Badaru ya ce to a nemo wurin. Ya koma washegari, ya koma jibi, ya yi ta komawa har masu gadi suka daina tambayarsa abin da ya kawo shi. Manajan ya yi masa bayani da Larabci, ya yi masa da hannu, Badaru na zaune da katinsa a tafin hannu yana cewa a cire. Daga ƙarshe suka rubuta wa otal ɗin aka soke kwanan, don dai su huta. Othman ya ce masa halas, wato an gama, ga shi ya koma inda yake, makin bai isa ba, ranar rufe afuwa kuma ta matso.

Abdulwahid ba shi da kayan da za a ɗauko a lokacin. Sai Badaru ya fara abin da har yau in na tuna nake girgiza kai. Duk Alhamis da Juma'a sai in kai shi filin jirgi da safe, ya hau zuwa Riyad ko Dammam ko Tabuka da kuɗin aljihunsa, ya sauka, ya yi salla a masallacin filin, ya hau na dawowa. Ba ya ko fita ya ga garin. Na ce masa mahaukaci ne shi, abin da yake kashewa ya fi kuɗin tikitin Kano. Ya ce ya sani, amma ba ita ya saya wa ba, kansa ya saya wa, abin da ya biyo baya kuwa gyara ne. Matarsa Zubaidatu ta yi faɗa ta gaji, daga baya ita ke dafa masa ƙwai ya tafi da shi.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe, makin ya cika. Ya riga ya gama mata takardar tafiya, ya kai mata tikitin da sunanta a jiki. A Waziriyya ba a ɓoye komai, na tabbata labarin yawonsa ya daɗe da isa kunnenta. Ta tambaye shi wannan karon daga ina. Ya ce daga jirgi kaɗai, ya hau ya sauka. Ta daɗe tana kallonsa.

"To," ta ce. "Ka daina hawa haka nan, ka rame."

Da hantsi muka kai ta filin jirgi. Ta sa atamfar da Badaru ya taɓa kawo mata tsaraba, aka kawo keken tsofaffi ta ce da ƙafarta za ta shiga. Badaru ya riƙe mata jaka har inda aka tsayar da masu rakiya. Ta sa masa albarka, ta sa wa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta ce da ni in rage faɗa, sannan ta bi layi a hankali har muka daina hango ta.

Na zaci zai yi ta murna a hanya, har na shirya tsokanar da zan yi masa. Muka isa mota, ya buɗe ƙofa bai shiga ba. Ya tsaya yana kallon sama ko da yake jirginta bai ma tashi ba tukuna.

"Jabiru," ya ce, "duk shekarun nan ban taɓa tunanin in ta hau ba za ta dawo ba."

Sai na zagayo ta gefensa. Na kama hannunsa na zaunar da shi, na rufe masa ƙofa, muka kama hanyar Waziriyya ana shirin kiran azahar, lokacin da muka saba zuwa cin tuwo.