Kekuna Biyar a Falona

A shekara ta uku da aurena muna zaune a wani gidan haya a Yelwa, cikin Garwa. Iyalai huɗu ne a gidan, rijiya ɗaya, bayi ɗaya. Namu ciki da falo ne, falon kuwa in aka shimfiɗa tabarma biyu ya cika. A nan nake ɗinki, da keken da mahaifiyata ta ba ni lokacin biki. Na ajiye shi gindin taga saboda haske, mata suna kawo atamfa su zauna muna hira ina aunawa.

Mijina direban motar auduga ne, yakan yi kwana goma bai kwana gida ba. Yana da wa guda ɗaya, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, don haka ko kallon idonsa ba ya iya yi. Ni ma Yaya nake ce masa. Yana da rumfar kayan keke a babbar kasuwa, da gidansa na kansa mai faɗi a unguwar Marware.

Wata ranar Talata a farkon bazara sai ga Yaya da motar kaya a ƙofar gida. Ya yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, ya ce wasu 'yan kaya zai ajiye mana na mako ɗaya, ya riga ya yi magana da ƙaninsa. Kafin in miƙe an fara shigo da su. Kekuna biyar ne na maza, tsofaffi, duk tsatsa. Aka jera uku a jikin bango, biyu aka ɗora a kansu. Da ya ga wuri bai isa ba, ya dubi keken ɗinkina ya ce a fitar da shi baranda, wai can ma ya fi iska. Da hannuna na taya aka ɗauka.

Mako ɗaya ya wuce, wata ya wuce. Duk wanda bai taɓa zama da keke a ɗaki ba bai san yawan ƙarfen da ke leƙowa daga jikinsa ba. In zan shiga uwar ɗaka sai na karkace, in na manta feda ta kwashe mini ƙauri. Har yau akwai tabo biyu a ƙafata ta hagu. Kan keke ya kama mini ɗankwali, sarƙa ta shafa wa zanena baƙin mai. Wurin salla ma sai na tura taya da ƙafa kafin in sami inda zan sa goshi. Baƙi suka koma zama a waje kan benci. Wata mata ta kawo leshin bikin ƙanwarta, na shiga da shi ciki don in ɓoye shi daga ƙura, gefensa ya gogi sarƙa. Ta karɓi kayanta, ba ta sake dawowa ba.

Na yi wa maigida magana sau uku. Kullum amsa ɗaya, in yi haƙuri, Yaya ne.

A wata na biyu Yaya ya fara zuwa da hantsi yana aiki a kansu, a cikin falon nawa. Ya kankare tsatsa, ya shafa baƙin fenti, ya manna sababbin tambura, ya naɗe ƙarafan da kwali da leda kamar yadda sababbi suke zuwa. Warin fenti ya shiga har cikin garin tuwo. Ni ce mai dafa masa abincin rana, ni ce mai share ɓarɓashin tsatsa in ya tafi.

Ranar da aka yi ruwan farko na tafi suna a wata unguwa. Hadari ya taso da iska bayan azahar, na baro wurin da gudu, amma kafin in iso an gama. Iska ta yaye buhun da na rufe keken ɗinki da shi, ruwa ya shiga ko'ina, teburin katakon ya kumbura. Bayan kwana biyu tsatsa ta fito a wurin allura. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa, keken ya tashi, amma ya koma tsallake ɗinki.

Da Yaya ya zo na nuna masa. Ya dube shi sama-sama ya ce, "Ai ƙarfe ne, amarya. Ki ɗiga masa mai." Ya wuce ciki, ya ɗaga kai yana duba rufin falo ko ya yi yoyo a kan kekunansa. Ina tsaye a bayansa da tsumma a hannu. Ban yi kuka ba. A wurin na ƙudura a raina sai ya ji abin da na ji.

Ban jima ina jira ba. Ya zo da mai saye, wani dattijo Kirista daga duwatsun bayan garin Gidar, manomi, Hausarsa a hankali take fita. Mutanen ƙauyensu ne suka aiko shi ya sayo musu kekuna uku sababbi. Ya shafa ledar, ya buga ƙararrawa, fuskarsa duk murna. Aka kira la'asar, Yaya ya ce ya jira shi ya je masallaci ya dawo su ƙarasa.

Na kawo wa dattijon ruwa a kwano. Da ya sha na ce, "Baba, ka ɗaga kwalin nan na ƙarƙashin sirdi, ka sa farce ka gani."

Ya dube ni, ya dubi ƙofa, sannan ya yi yadda na ce. Fentin ya ɓare, jar tsatsa ta bayyana. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku. Ya miƙe ya ɗauki jakarsa, ya ce mini useko, wato na gode da Fulatanci, ya fita ta ɗaya hanyar da ba ta bi ta masallaci. Zan so in ce tausayin tsohon ne ya sa ni, amma ba shi ba ne. Fuskar Yaya nake son gani, na kuwa gan ta da ya dawo ya tarar da kwano kaɗai a kan tabarma. Ya tambaye ni ina baƙon, na ce ya fita bai ce mini inda za shi ba, wanda gaskiya ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne labarin zai bazu a kasuwa. Masu saye suka ɗauke ƙafa, kekunan suka ƙara wata biyu a falona. Na rama, amma ni ce nake ci gaba da karkacewa a ƙofar ɗakina.

Wata rana maigida ya dawo daga tafiya a gajiye, feda ta kwashe shi shi ma. Na tambaye shi me ya hana Yaya ajiye kayansa a gidansa mai faɗi. Cikin zafin ciwo ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoye mini: matar Yaya, wadda nake kira Adda, ita ce ta ce ba za a shigo mata da ƙazanta ba, don an shimfiɗa mata sababbin tayil a falo. Na ce to, na kawo masa ruwan zafi ya gasa ƙafar.

Na jira har maigida ya koma hanya, Yaya kuma ya tafi Kuseri sarin kaya. An kwana ana ruwa, gari ya waye duk taɓo. Na fito da ɗaya daga cikin kekunan. Ban iya hawa keke ba, turawa na yi. Daga gidanmu zuwa Marware akwai hanyar kwalta, amma na bi ta lungun mahauta inda ruwa ke kwanciya, na tabbata tayoyin sun sha laka har wuya. Na yi sallama, Adda ta amsa daga kicin, na wuce kai tsaye na jingine shi a jikin kujerarta. Farin tayil ɗin ya ɗauki layi biyu ja daga ƙofa har tsakiyar ɗaki.

Ta fito tana tambaya lafiya. Na ce kayan Yaya ne na kawo gida, akwai saura. Ta ɗauka shi ya aiko ni, ta tsaya baki buɗe. Na biyu ma haka. A na uku ta gane, ta tare ƙofa tana cewa ba ni da kunya, ba ni da tarbiyya.

Na ce, "Adda, wata biyar ina kwana da su. Ki matsa kada ya ɓata miki zane."

Ta matsa, don zanen sabo ne. Na huɗu na tarar ta kulle falon, sai na kwantar da shi a bakin ƙofa, na biyar na ɗora a kansa. Kafin azahar na gama. Ƙafafuna sun yi kanta, bayana kamar zai tsinke, amma na dawo na wanke falona da sabulu sau biyu, na roƙi maƙwabciyata muka mai da keken ɗinki gindin taga. Na kwanta a tsakiyar ɗaki na miƙe hannuwa biyu, ban taɓa komai ba.

Da maigida da Yaya suka dawo aka yi zama a kaina. Maigida ya yi kwana uku ba ya cin abincina, sannan ya ce dole in je in ba da haƙuri. Na je, na durƙusa, na ce Yaya ya yi haƙuri, na yi kuskure. Ya yi dogon wa'azi a kan ladabin ƙanana, ya ce ya yafe. Ban ji rabin abin da ya faɗa ba, idona na kan wani dogon karce da feda ta yi wa ƙafar kujera. Kekunan a ƙarshe ya kwance su ya sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya a rumfarsa. Ya shekara biyu bai taka gidanmu ba, ban kuma tambayi dalili ba.

Bayan wasu watanni muna cin abincin rana, maigida ya tambaye ni ba tare da ya ɗago kai ba, wai da gaske ne ta lungun mahauta na bi da su, inda ko mai babur ba ya shiga da damina. Na ce da gaske ne, wanda bai ɗebi laka sosai ba ma sai da na koma da shi baya. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa ya ce kada in kuskura wani ya ji cewa ya yi dariya, ya miƙo mini kwano in ƙara masa miya.